Zenon a tsohon kwano ko zenon da furojekta: amsa ga mai Hilux 2012

Alhaji, ka ce Hilux ɗinka ƙirar 2012 ce, kana ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, galibi sai bayan isha'i kake kama hanya, kuma fitilarka ta koma kamar aci-balbal. Mai wayarin ya ba ka zaɓi biyu: ko ya zare ƙwan da ke ciki ya cusa na zenon, mai aiki da iskar gas, da balas ɗinsa, wato ɗan akwatin da ke ba shi wuta, aikin awa guda, ko ya buɗe gidan fitilar ya dasa furojekta, wato fitila mai ƙwayar gilashi da ke saita haske, aikin yini da kuɗi ninkin-ba-ninkin. Kana so ka ji ko bambancin ya kai kuɗin. Ya kai, har ya yi rara. Na farkon ma ni ba na kiran sa gyara, don na taɓa sa shi a tawa akori-kurar, kuma da hannuna na cire.

Ƙwan da motarka ta zo da shi H4 ne, halojin mai zare biyu, wat 60 na nesa, wat 55 na kusa, kuma na kusan yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) wajen 1,000. Zenon na ƙwarai wat 35 kawai yake ci, ya ba da lumen wajen 3,200. Shi ba shi da zare ko kaɗan. Wuta ce ke tsallake wata 'yar tazara tsakanin ƙarafa biyu a cikin iskar gas, shi ya sa sai da balas, wanda ke harba bolt sama da 20,000 a lokacin kunnawa kafin ya sauko ya daidaita. Tun 1991 BMW ta fara sa shi a motocinta. To, duk hanyar da ka bi cikin biyun, wannan hasken ne za ka saya. Inda suka raba gari shi ne inda hasken zai sauka.

Kwanon fitilarka, wato madubin nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwan, an auna shi ne da zaren halojin: ɗan siririn abu miƙaƙƙe, a wuri ɗaya tak. Ka ɗauki H4 ka duba da kyau, za ka ga wani ɗan cokali na ƙarfe a ƙarƙashin zaren kusa. Shi ke tare hasken da zai tashi sama. Harshen wutar zenon kuwa a lanƙwashe yake, ya fi kauri, kuma ƙarfinsa a bakinsa biyu yake, ba a tsakiya ba. Idan ka sa shi a kwanon da ba nasa ba, kamar ka zuba ruwa a rariya ne. Daren farko da na fita da nawa na ji daɗi ƙwarai, gaban mota fari fat, har tsakuwa ina ƙirgawa. Sai da na hau babban titi na gane abin da ke faruwa. Hasken ya taru a taku ashirin na gabana, saura ya haye kan bishiyoyi da allunan hanya. Idona ya saba da farin da ke kusa, can nesa kuma, inda amalanke marar fitila ko garken shanu zai ɓullo, ya ƙara duhu. Ga masu zuwa daga gaba kowa sai ƙifta min fitila yake, alhali ina kan ta kusa. Hilux doguwa ce, haskenta daidai fuskar mai ƙaramar mota da ɗan acaɓa yake sauka, balle ka loda buhu goma a baya hancinta ya ɗaga. Direban tirela kuwa ba ya roƙo. Sakar maka tasa zai yi gaba ɗaya, ku yi ta tafiya a makance ku biyu.

Furojekta don irin wannan ƙwan aka ƙera ta. Tana da ƙaramin kwano nata, da faranti mai tare rabin hasken, da ƙwayar gilashi a gaba kamar idon saniya. Ka haska bango da ita za ka ga layi kamar an yanka da wuƙa: ƙasa fari, sama duhu. Hasken na shimfiɗuwa a faɗin titi har gefen hanya, ya kuma yi nisa, ba tare da ya dalle wa kowa ido ba. Idan ka nemi ta nesa, farantin ne kawai ke faɗuwa, nan take haske ya buɗe, tunda ƙwan a kunne yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don zenon mai sanyi sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya cika. A wancan na cusawa kuwa, maganaɗisu ne ke jan ƙwan gaba da baya don ya kwaikwayi zare biyu. A kwalta lafiya lau. A gargadar hanyoyin da kake bi, ba a daɗewa yake fara rawa.

Akwai wani tarko da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Layin furojekta ba a miƙe yake sak ba, yana da ɗan tudu a gefe ɗaya don ya haska bakin hanya. Mu tun 1972 dama muke bi a Najeriya, don haka tudun ya kamata ya tashi ta dama. Amma irin wannan Hilux an fi ƙera ta a Tailan, inda hagu ake bi, haka ma Japan da Ingila, kuma fitilunsu na shigowa cikin kayan Beljiyam. Ka saya ba ka duba ba, tudun ya koma cikin idon mai zuwa. Ko a Ƙofar Ruwa ko a ina za ka saya, ka ce a jona maka a batir a haska bango tukuna.

Batun launi kuma, kada kwali ya ruɗe ka. Lambar nan 6000K ko 8000K ba ƙarfin haske ba ce, launi ce. Zenon da kamfanonin mota ke sawa wajen 4300K yake, fari mai ɗan ratsin ɗorawa, kuma shi ya fi haske. Duk yadda lambar ta hau, shuɗi ke ƙaruwa, haske na raguwa. Samari na son shuɗin don ƙwalisa, kai kuwa hazon hunturu ke jiran ka, lokacin da haske mai tashi sama ke dawo maka kamar farin bango. A nan ma furojekta ta yi wa kwano fintinkau, saboda haskenta a ƙasa yake kwance.

Ita ma tana da nata aibin, ba zan ɓoye maka ba. Sai an gasa gidan fitilar gam ɗin ya saki kafin a buɗe, kuma idan mai aikin bai liƙe da kyau ba, damina ɗaya za ka ga raɓa a ciki, rani kuma ƙura. Sannan H4 ko a ƙaramin gari za ka samu, amma balas ya mutu maka a daji da tsakar dare, sai dai Allah ya kyauta. Nawa ruwa ne ya kashe shi. Ka sa a ɗaure balas ɗin a sama, nesa da zafin inji, ka kuma ajiye ɗaya a aljihun mota. A Turai duk fitilar kusa da ta haura lumen 2,000 dole ta zo da abin wanke gilashi da na'urar da ke saukar da ita da kanta idan an yi lodi. Taka ba ta da ko ɗaya, don haka tsumma da sukudireba su ne naka. Ƙwan LED na cusawa da ake yayi yanzu, shi ma ciwonsa ɗaya da zenon a kwano, sai dai wani ya fi wani dama-dama.

Kafin ka fitar da ko sisi ma, ina zargin motar da ta kai wannan shekarun ba ƙwai ne kaɗai matsalarta ba. Dubi robar gaban fitilar, in rana ta mayar da ita ruwan ɗorawa a goge ta ko a canza. Sa mai wayarin ya auna wutar da ke isa soket inji na aiki, ya gwada da ta batir. Halojin in wuta ta ragu kashi 10 cikin 100, haskensa kusan kashi 30 yake zubewa. Rile, wato ɗan makunnin da ke aiki da kansa, da waya mai kauri daga batir suna maido da wannan. Ka haɗa da ƙwan Osram Night Breaker ko makamancinsa na Philips, na asali, ka san dai sun fi saurin ƙonewa. Mai wat 100 kuwa soket zai narkar maka.

In ka yi wannan bai ishe ka ba, to furojekta da 4300K. Ranar karɓar aiki ka je da lodinka a baya, ka tsaya mita 10 daga bango a fili shimfiɗaɗɗe marar gangara, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa. Layin hasken a bango ya zauna santimita 10 zuwa 12 ƙasa da wannan tsayin. In bai zauna ba, kada ka cika kuɗin.