Wurin fisiyo da muka kai Umma a Sabon Gari bayan aikin sankarar mama

Mata da yawa suna ta tambayata ina muka kai Umma har hannunta ya dawo, toh bari in faɗa tsakani da Allah, mai daɗi da mara daɗi. Wurin gashin ƙashi ne mai zaman kansa a Sabon Garin Zariya, fisiyo dai, kuma ko yau aka tambaye ni cewa zan yi a je.

An cire wa Umma mama na dama gaba ɗaya, aka haɗa da kaluluwar ƙarƙashin hamata saboda nan cutar take fara bi in za ta yaɗu. Ɗinki ya warke lafiya lau Alhamdulillah, amma kafaɗa ta ƙage, ɗaurin ɗankwali ya gagara, kabbarar sallah ma hannun iya rabi yake zuwa, ga wata jijiya da ta miƙe tun daga hamata har gwiwar hannu kamar an ja igiya. Likitanta ne ya ce mu nemi fisiyo da wuri, don in aka zo radiyoterafi, wato gashin sankarar da na'ura, a asibitin koyarwa na Shika dole ta kwanta hannunta a saman kai, in kafaɗa ba ta ɗaguwa aikin zai yi wuya. Mu kuma cikin birni muke, ɗaukar mara lafiya a keke napep har Shika akai-akai ba wasa ba ne, shi ya sa muka nemi na kusa.

Abin da ya fara burge ni, mace ce ta duba ta, kuma ba ta hau murza ta kai tsaye ba. Sai da ta karanta takardun asibiti, ta tambayi yaushe aka cire robar da ke zuƙe ruwa, sannan ta ɗauko tef irin na teloli ta auna hannu biyun wuri-wuri ta rubuta, wai da haka za a gane in kumburi ya fara tun ido bai gani ba. Umma duk tsoro ya cika ta, ta ce "'yata, ɗinkin ba zai ɓalle ba kuwa?" Ita kuma ta ce "Mama ɗinkinki ya kama, hannun nan motsi yake so, in kika ci gaba da rungume shi a ƙirji ƙara ƙagewa zai yi." Wallahi wannan maganar kaɗai ta biya kuɗin ranar, don a gida kowa cewa yake kar ta motsa, ko kofi ba ma bari ta ɗauka.

Motsa jikin kansa ba wani na'ura ba ne. A fuskanci bango a rinƙa hawa da yatsu a hankali har inda aka ji ya ja sai a tsaya, a kwanta a riƙe sanda da hannu biyu a ɗaga, a juya kafaɗa, a ja numfashi mai zurfi. Muka sa alama da alli a bangon ɗakinta, duk sati sai ka ga alamar ta ɗan haura. Jijiyar nan kuma da tausa mai laushi da miƙewa ta saki.

Inda na fi yaba mata shi ne bayanin kumburin hannu. Tunda an cire kaluluwa, ruwan jiki ba ya samun hanyar wucewa kamar da, zai iya taruwa hannu ya kumbura, kuma ba lallai nan take ba, wata sai bayan shekaru. Ta hana ƙaho, ta hana tsaga da sakiya, ta hana gashi da ruwan zafi, ni kuwa na san in ba ta faɗa ba da tuni wata gwaggo ta kira wanzami. Ta ce a rinƙa shafa mai kar fata ta tsage da hunturu, a kula da yanka da ƙunar girki, zobe da awarwaro masu matsewa a ajiye, allura da awon jini kuma in da hali a yi a ɗaya hannun.

Yanzu mara daɗin. Jira akwai shi, a ba ka ƙarfe goma ka shiga kusan azahar. Macen ba kullum take zuwa ba, ranar da ba ta nan Umma cewa take mu koma gida kuma ban ga laifinta ba. Safar hannu mai matsewa da ake sa wa masu kumburi ba sa ajiyewa, sai dai su auna ki su ce a yi odarta. Kuɗi kuma kowane zuwa sai an biya, ga wanda ya riga ya sha kuɗin aiki da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, abin da nauyi gaskiya, duk da dai da ta ga Umma ta iya da kanta ita ce ta ce mu rage zuwa.

Duk inda za ku je ku tambayi lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan aikin rajista a Najeriya, don masu tausa sun yi yawa a gari. Ku tafi da takardun asibiti da riga mai buɗewa ta gaba, ku kira tun da safe ku ji ko macen tana nan. In kuma hannu ya yi ja ya yi zafi ga zazzaɓi, dan Allah kar a jira ranar fisiyo, asibiti za a wuce a ranar.