Irin tumatir mai aure mai jure cuta: abin da na gani bayan rani biyu da damina ɗaya

Na daɗe ina noman rani a ƙasar Bunkure, a gonar da ke shan ruwan magudanar da ta taso daga madatsar Tiga, kuma kamar yawancin maƙwabtana, irin tumatirin da na saba da shi shi ne UC82B, wanda a bakin manoma da dillalai ya koma UTC. Ta fuskar kasuwa ba ni da abin cewa a kansa sai alheri, domin 'ya'yansa suna da tauri, suna jure danniyar kwando da girgizar mota har Legas, kuma idan kasuwa ta faɗi a kan yanka shi a shanya ya zama kauɗa mai kyau. Inda yake ba mu kunya shi ne lokacin da sanyin hunturu ya fara janyewa, farin ƙuda ya yawaita a bayan ganye, sai ka ga kan shukar ya tsuke, ganyen ya nannaɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, fure ya riƙa zubewa. Shukar da wannan ciwo ya kama tana ƙarama ba ta sake yin wani abin kirki, komai takin da aka zuba mata.

Wannan ne ya kai ni wani shagon kayan gona a birnin Kano neman iri mai aure, wato wanda ake rubuta F1 a bayan sunansa. Na sayi ƙaramin ƙunshi mai giram 5, kuma da yake giram ɗaya na irin tumatir ya kan ɗauki ƙwaya kusan 300, abin da na riƙe a hannu bai wuce ƙwaya 1,500 ba, amma kuɗinsa ya sa na tsaya ina juya takardar. Mai shagon ya lura da haka, ya ce, "Malam, wannan ba irin da ake watsawa a fangali ba ne, ƙwaya-ƙwaya ake ƙirga shi." Na ce, "To Alhaji, waɗannan haruffa da ke bayan takardar fa, me suke nufi?" Ya yi dariya ya ce shi dai abin da ya sani, ba ya jin cuta. Wannan amsa ita ce babban aibin shagon. Kayansa na gaskiya ne, a rufe suke da kwanan wata a jiki, kuma a inuwa yake ajiye su maimakon gilashin da rana ke duka, amma shi da yaronsa babu wanda zai iya faɗa wa manomi wace cuta irin yake jurewa, wacce kuma ba ya jurewa, alhali bayanin da ke jikin takardar da Turanci da Faransanci kawai aka rubuta shi.

Sai da na kai takardar wurin malamin gona sannan na gane cewa haruffan nan su ne ainihin abin da na biya kuɗi a kai. TYLCV ita ce cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa, Fol ciwon yaushi ne da wani nau'in fumfuna na cikin ƙasa ke haddasawa, Rs yaushin bakteriya ne wanda ke kayar da shuka tana kore shar, N kuma 'yan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. A gaban kowanne akwai ko dai HR, wato juriya mai ƙarfi, ko IR, wato juriya matsakaiciya. A ƙunshin da na saya, cutar nannaɗewa da yaushin bakteriya duk IR ne, ma'ana shukar za ta iya kamuwa, sai dai ciwon ba zai ci ta kamar yadda yake cin UTC ba. Wanda ya sayi irin a kan cewa "ba ya jin cuta" zai ɗauka an cuce shi ranar da ya ga ganye ɗaya ya nannaɗe, alhali takardar ba ta yi masa wannan alkawari ba.

Ita wannan juriya ba magani ba ce da aka shafa wa ƙwayar, gado ce, kuma asalinta yana wurin 'yan'uwan tumatir na daji da ke tsirowa a ƙasashen Peru da Chile da Ekwado, masu ƙananan 'ya'ya waɗanda yawancinsu ba su ciwuwa. Masu haɗa iri su kan aurar da tumatirin gida da na dajin, sannan su yi ta mayar da 'ya'yan ga na gida zuriya bayan zuriya, har a zubar da munanan halayen dajin a riƙe juriyar kaɗai, aikin da kan ci shekaru. Ƙwayoyin gadon da ke tsaron cutar nannaɗewa, waɗanda ake kira Ty-1 da Ty-3, daga wani na daji mai suna Solanum chilense suka fito, Ty-2 daga Solanum habrochaites, ita kuwa Mi mai kare saiwa tun cikin shekarun 1940 aka ɗauko ta daga Solanum peruvianum. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, wadda aka kafa a Taiwan a 1971, tana cikin masu tara irin waɗannan ƙwayoyin gado biyu ko uku a cikin tsatso guda, tana raba wa kamfanoni da cibiyoyin bincike. Ya kamata in faɗa a nan, saboda ruɗanin da na sha ji a majalisa, cewa iri mai aure daban yake da irin da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji. Shi mai auren, aure ne tsakanin uwa da uba ta hanyar ƙurar fure, wanda ma'aikata ke yi da hannu fure bayan fure, kuma wannan wahalar tana cikin dalilan tsadarsa.

A ranin farko na raine shi a faranti mai gurabu ƙarƙashin gidan sauro don kada farin ƙuda ya same shi yana jariri, kuma tsirowarsa ta gamsar da ni, domin guraben da suka tashi babu komai ana iya ƙirga su da yatsu. Na dasa shi kafaɗa da kafaɗa da UTC, ruwa ɗaya, taki ɗaya, feshi ɗaya. Har tsakiyar Janairu ba za ka ce ga bambanci ba. Da aka shiga ƙarshen Fabrairu sai layukan UTC suka fara tsukewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa mai auren ya ci gaba da fure, ko da yake idan ka duba da kyau za ka ga 'yar rawaya a sababbin ganyen wasu. Na ci gaba da tsinkarsa makonni bayan na daina samun abin kirki a ɗaya ɓangaren, kuma waɗannan makonni su ne lokacin da kwando ya fara daraja a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. A nan ya mayar da kuɗinsa, har da riba.

Inda ya gaza shi ne a saiwa. Cikin Afrilu, a gefen gonar da ke da jigawa, shuke-shuken suka riƙa yin yaushi da rana suna farfaɗowa da yamma, da na tuge ɗaya sai ga saiwar cike da ƙulle-ƙulle, duk da harafin N da ke jikin takardar. Malamin gona bai yi mamaki ba. Ya ce an daɗe da sanin cewa ƙwayar gadon Mi tana rauni idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, mu kuwa a bazara iskarmu ma ta kan kai 40, balle yashin da rana ta wuni tana gasawa. Wannan bayani ba ya cikin takardar, kuma a ganina ya kamata ya kasance, tunda a ƙasa mai zafi ake sayar da irin. Haka nan babu abin da ya tsinana game da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta rasa abin niƙawa. Takardar ba ta yi da'awar kariya daga tsutsar ba, don haka ba zan kama ta da laifi ba, amma wanda ya rage sa ido saboda ya sayi iri mai tsada zai sha mamaki.

Gwajin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na damina, domin nan ne sabuwar kasuwa take. Kowa ya san yadda muke cika kasuwa a lokaci guda cikin rani har kwando ya kasa biyan kuɗin motarsa, sannan daga wajen Mayu zuwa Yuli tumatir ya yi wuya daga kasuwar 'Yankaba ta Kano har ta Mile 12 a Legas. Abin da ke hana mu noman damina shi ne cuta, musamman yaushin bakteriya, wanda malamin ya koya mini ganewa ta hanya mai sauƙi: a yanke karan shukar da ta yi yaushi, a tsoma bakin cikin ruwa mai haske a kofin gilashi ba tare da motsawa ba, idan bayan 'yan mintoci wani farin zare kamar madara ya fara saukowa, to shi ne. Na yi hakan a kan shuke-shuke kaɗan da suka faɗi a inda ruwa ke kwanciya, zaren kuwa ya sauko. Sauran da ke kan kunya mai tudu, waɗanda na ɗaure a jikin sanda don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa, sun tsaya. Sai dai ɗigon ganye na damina ya same su sosai, dole na yi feshi a kai a kai, ga kuɗin sanda da igiya da ma'aikata. Dillalai sun karɓi kayan saboda tauri da ja, ko da yake wata mai abinci da ke saye a wurina ta ce miyarsa ba ta kai ta UTC kauri ba, kuma da na ɗanɗana na ga tana da gaskiya.

Wani dattijo maƙwabcina ya roƙi 'yan nunannu ya matse iri, duk da na ce masa, "Baba, wannan ba ya maimaituwa." Da rani ya zagayo gonarsa ta fito gauraye, wasu dogaye wasu gajeru, wasu 'ya'yan zagaye wasu masu tsawo, kuma nannaɗewa ta kama wasu ta bar wasu. Haka lissafin gadon yake: idan juriyar daga ɗaya cikin iyayen kaɗai ta zo, kusan ɗaya cikin huɗu na jikokin ba za su gaje ta ba. Saboda haka duk shekara sai an koma shago, kuma wannan nauyi ne na gaske a kan ƙaramin manomi.

Abin da ya fi damuna shi ne ko juriyar za ta daɗe. Cuta ma tana sauya kama, kuma juriyar da ta rataya a kan ƙwayar gado guda ta kan karye idan kowa ya shuka iri ɗaya a fili ɗaya shekara da shekaru. Akwai ƙwayar gadon da ta kare tumatirin duniya daga cutar dabbare-dabbaren ganye fiye da shekara 40, sai ga wata sabuwar cuta mai ɓata fatar 'ya'yan ta ɓulla a Isra'ila a 2014 da Jodan a 2015 ta tsallake ta. Takardar da na saya ba ta faɗi ƙwayar gado nawa ke tsaron cutar nannaɗewa ba, kuma wannan ita ce tambayar da zan so masu sayarwa su iya amsawa. A rani na biyu na lura rawayar ta ɗan fi ta bara yawa. Shekarar farin ƙuda ce mai tsanani, don haka ba zan yanke hukunci da rani ɗaya ba, amma na rubuta a littafina.

Zan sake sayensa don dashen ƙarshen rani da na damina, inda tsadar kwando ke ɗaukar tsadar iri, amma dashen farkon sanyi zan bar wa UTC, domin a lokacin cuta ba ta da ƙarfi kuma kasuwa ba ta biyan bambancin. Gefen jigawar nan kuwa na cire shi daga tumatir gaba ɗaya na shekara biyu. Masara zan sa da damina, albasa kuma da rani.