ABU Samaru ko Kwalejin Afaka: Ina Karatun Gandun Daji Ya Fi Sauƙi Ga Ɗan Zariya?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce yaronka ya gama sakandare da kiredit a Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da fizis, ransa kuma ya kwanta a kan karatun gandun daji da kare muhalli. Kuna zaune a Tudun Wada, albashi ɗaya ke riƙe da gidan. Wasu sun ce maka ABU, wasu sun ce kwalejin injinan aikin gandun daji ta tarayya da ke Afaka ta fi araha, kana son sanin wadda aljihu zai ɗauka kuma takardarta ta yi amfani bayan an gama.

Da farko Allah ya yi wa yaron albarka. Yara kaɗan ne ke zaɓar wannan fanni da kansu, yawanci sai an hana su likitanci a tura su can suna ɓata rai. Wanda duk ya ga buhunan gawayin da ake shigowa da su garin nan kullum, ya kuma san yadda rimi da ɗorawa da kaɗanya ke ƙarewa a gonakin ƙauyukanmu, ya san muna bukatar irinsa.

Kafin in jera makarantun, ga abin da nake so ka riƙe: a makarantun gwamnatin tarayya kuɗin rajista ba shi ne babban nauyi ba. Sau ɗaya ake biyansa a shekara, ana iya yin adashi dominsa. Abin da ke karya uba shi ne na kullum, wato ɗakin kwana, abinci, kuɗin mota, da yawan shekarun da za a yi ana biyan waɗannan. Duk wanda ya kwatanta maka makarantu biyu da kuɗin rajista kaɗai, rabin lissafi ya yi maka.

Mu fara da ta gida. A ABU, digirin gandun daji da namun dawa yana ƙarƙashin tsangayar aikin gona ne, shekara 5 ga wanda ya shiga ta JAMB, a ciki har da shekara guda ta aikin fili. A jarrabawar zai rubuta Turanci, kemistiri, bayoloji ko ilimin noma, sai lissafi ko fizis. Samun gurbi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da likitanci ko haɗa magunguna, ga shi kuma Jihar Kaduna tana cikin yankin da jami'ar ke ba fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. Sashen bai kai na Ibadan tsufa ba, can ne aka fara koyar da fannin a matakin jami'a a ƙasar nan tun 1963. Amma abin da ke kewaye da shi a Samaru ba ko'ina ake samu ba: cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana Shika, tashar binciken itatuwan yankin sabana ta FRIN, wato hukumar binciken gandun daji ta ƙasa, ita ma a Samaru take. Yaro mai himma zai iya sanin masu bincike ido da ido tun yana aji biyu, ya roƙi a riƙa tafiya da shi fili. Wannan ba a rubuta shi a takardar rajista, amma yana cikin abin da kake saya.

Babban sauƙin ABU a wajenku shi ne yaron zai kwana a gida, ya ci tuwon gida. Daga Tudun Wada ya hau mota zuwa Kwangila ya wuce Samaru, da yamma ya dawo. Kuɗin motar nan ba wasa ba ne tun da aka cire tallafin mai a 2023, kada ka raina shi. Ka ninka na rana ɗaya sau kwanakin karatu na wata ka gani da idonka. Duk da haka bai kamo ƙafar hayar ɗaki da cefane a wani gari ba. Idan ya dace da gado a ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman ko Danfodio, to ya huta da zirga-zirga, ranar Juma'a ya zo gida ya ɗebi gari da mai ya koma. Keke ma yana raba gardama ga yaro mai ƙarfi a jika.

Inda ABU ke da ciwo biyu ne. Na ɗaya yajin aiki: a 2020 ASUU ta yi wata 9, a 2022 ta yi wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shekara 5 a takarda tana iya zama 6 ko fiye. Sai dai ko a nan ɗan gari ya fi baƙo sauƙi, domin ba ya biyan hayar ɗakin da ba ya kwana a ciki. Na biyu, shekarun farko darussan kimiyya ne da na noma gaba ɗaya, a manyan azuzuwa cike da jama'a. Yaron da ya zo da ɗokin shiga daji zai daɗe kafin ya taɓa itace da sunan darasi, wasu a nan gwiwarsu ke sanyi.

Afaka kuwa wata duniya ce. Kwalejin tana wajen Mando a Kaduna, kusan kilomita 80 daga nan, kuma tana ƙarƙashin FRIN mai hedikwata a Ibadan. Ba digiri take bayarwa ba, difloma ce: ND shekara 2, shekara guda ta koyon aiki, sannan HND shekara 2. Ka lura, jimilla 5 ke nan, daidai da ABU. Masu cewa difloma ta fi gajarta ND kaɗai suke ƙirgawa.

Ƙarfinta aikin hannu. Tun da wuri ɗalibi ke durƙusawa a wurin renon dashe, ya tankaɗe ƙasa, ya gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, ya cika ƙananan ledoji baƙaƙe ya jera su layi-layi a inuwa. Zai koyi cewa irin ɗorawa da na gawo ba sa tsirowa da wuri sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an kankare ɓawon, zai koyi aure tsakanin mangwaron gida da mai inganci, zai san yadda ake ɗaura awo a jikin itace daidai tsayin ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, a ƙiyasta katakon da ke cikinsa. Mai wannan ilimi ko bai samu aikin gwamnati ba zai iya killace ɗan fili kusa da rijiya ya sayar da dashen mangwaro, gwaiba, zogale da turare da damina. Yajin ASUU bai shafe su ba, ko da yake ma'aikatan cibiyoyin bincike su ma suna da ƙungiyoyinsu. Sannan tafiyar tana da zango a tsakiya: idan abubuwa suka yi tsauri a gida bayan shekara 2, yaron ya sauka da takarda a hannu, ya yi aiki, ya koma daga baya. Wanda ya bar jami'a a aji uku kuwa hannu rabbana zai fito.

To amma ga inda arahar ke zubewa. Ba mai zuwa Mando daga Tudun Wada kullum ya dawo. Dole kwana a can, dole tukunya ta biyu, dole kuɗin mota duk zuwa gida. Ko da kuɗin rajistar ya fi na ABU sauƙi, abin da ka rage a nan zai fita ta can, har ya ɗora. In dai ba kuna da ɗan'uwa a Mando ko Rigasa ko Kawo da zai riƙe shi tsakani da Allah ba, Afaka ba ta fi araha ga ɗan Zariya ba. Kuma ka sani, kwalejin ta fi karkata ga injinan aikin daji da na gona da fasahar noma. Idan namun daji ne a ran yaron, kwalejinsu tana New Bussa a Jihar Neja, kusa da gandun Tafkin Kainji, tafiya mai nisa. Idan gandun daji ne zalla, ta Jos ta fi tsufa a Arewa, tun 1958 take.

Sai batun darajar takarda, wanda ba na son a ɓoye maka. Mai HND yana zuwa hidimar ƙasa kamar mai digiri, matuƙar karatun cikakken lokaci ya yi kuma bai haura shekara 30 ba. Amma bambancin da ake nunawa tsakanin takardun biyu a wurin aiki bai mutu ba. Majalisa ta amince da ƙudirin soke shi a 2021, ba a sa masa hannu ya zama doka ba. Mai HND da ke son digiri na biyu yawanci sai ya ƙara shekara ya yi PGD, wato diflomar share fagen digiri na biyu. Akwai hanya ta tsakiya, wato ya gama ND da sakamako mai kyau ya shiga ABU ta DE, wato shiga kai tsaye a aji biyu, amma shekara 6 ke nan aƙalla, biyu daga ciki a garin da ba naku ba.

Wannan bambanci yana da nauyi saboda irin ƙofofin da ke gaba. Hukumar gandayen namun daji ta ƙasa, wadda Kamuku ta Birnin Gwari ke ƙarƙashinta, da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada, da NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatun muhalli na jihohi, duk suna ɗaukar iri biyun, sai dai kujerun tsara aiki da bincike sun fi faɗawa hannun masu digiri. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ya nuna inda kuɗi ke tafiya yanzu: farfaɗo da ƙasar da ta gaji, kare madatsun ruwa, dashen itatuwa. Haka kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke yin digiri na biyu a kimiyyar kare halittu tare da Jami'ar Jos, mai digiri mai kyau take nema. Ba na yi maka alkawarin aiki yana jiran kowa. Guraben kaɗan ne, matsalar tsaro kuma ta hana shiga dazuzzuka da yawa, har da Kamuku da Rugu.

BUK, Dutsin-Ma, Dutse da Danfodiyo ta Sakkwato duk suna da fannin, BUK ma tana da cibiyar binciken noma a busassun yankuna mai suna. Amma dukkansu matsalar Afaka gare su a wajenka: kwana da ci a waje. Jami'o'in kuɗi da fita ƙasar waje ban ga dalilin kawo su ba a wannan hali.

Game da tallafi, NELFUND, hukumar ba ɗalibai bashin karatu ta gwamnatin tarayya, ta fara aiki a 2024. Bashi ne marar ruwa, tana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, tana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, biya kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Ga yaron da ke kwana a gida, wannan kuɗi zai rage nauyin mota sosai. Ga wanda ke haya a Mando, ko cefane ba zai rufe ba. A nemi kuma na hukumar tallafin karatu ta Jihar Kaduna.

Da ɗana ne, Malam, ABU zan sa masa a zaɓin farko, in sa Afaka a gurbin difloma na fom ɗin JAMB domin kada shekara ta tafi a banza idan maki bai kai ba. Sannan in cike masa giɓin ABU da kaina: duk dogon hutu, ko yajin aiki in ya zo, ya je ya yi aiki a wurin masu renon dashe ko da ba biya, ya kuma koyi zana taswira da kwamfuta. Manhajar QGIS kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma masu ayyukan farfaɗo da ƙasa suna neman wanda zai auna fili da GPS ya fitar da taswirarsa. Kafin ku sayi fom, ka ɗauke shi wata safiya ku je Samaru, ku shiga sashen ku gaisa da malamai, ku tambayi ɗaliban aji huɗu nawa suka biya bana da inda aka kai su aikin fili. Lissafin kuɗin yana sauyawa kowace shekara, na bakinsu shi ne na yanzu.