Giyar Hannu ko Otomatik: Wacce Ta Fi a Damina da Hunturun Kano?

A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a titunan Kano, mai motar giyar hannu yana da wata dama da mai otomatik ba ya samu cikin sauƙi. Idan taya tana juyawa a banza cikin taɓo, yakan tashi da giya ta biyu, ya saki kuloci a hankali, don kada ƙarfin inji ya fi ƙarfin riƙon tayar. Mai otomatik kuwa sai dai ya sassauta ƙafarsa a kan totur. Amma duk ƙwarewar direba, tayar da zanenta ya cinye ba ta iya korar ruwa daga ƙarƙashinta, motar takan yi santsi ko da an taka birki.

Da hunturu lamarin yakan juya. A safiyar Disamba da Janairu man giya yana yin kauri, sai ka ji sandar giya ta yi tauri, musamman daga ta ɗaya zuwa ta biyu, har sai motar ta ɗumama. Wasu direbobi, saboda gaggawa, sukan tura ta da ƙarfi, daga baya kuma su nufi Ƙofar Ruwa neman kayan gyara. A nan otomatik ta fi sauƙin sha'ani.

Sanyi yana rage iskar taya a motocin biyu, don haka gara a tsaya wurin mai faci da safe, a auna iskar kafin tayar ta yi zafi.