Sabuwa a kwali, oda daga waje, ko ta hannu: wace kyamara ta fi sauƙi a Kaduna yanzu?

Duk wanda ya je tambayar kuɗin kyamara a 'yan shekarun nan ya san amsar da ake bayarwa, dala ce oga, kwastam ne oga. Kuma ba ƙarya suke ba, sai dai da yawan masu faɗin hakan idan ka tsare su da tambaya su ma ba su san nawa kwastam ɗin ke karɓa ba, kawai sun ji ana faɗa ne suna ɗora maka. Toh gara ka san lissafin da kanka kafin ka zaɓi hanyar da za ka bi, domin babu kyamara ko lens ko filas da ake ƙerawa a ƙasar nan, komai shigowa yake, kuma duk abun da ya shigo sai ya biya a bakin ƙofa.

Najeriya tana bin jadawalin harajin ECOWAS ne tun 2015, matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kowane kaya da lambarsa, shi ya sa kyamara daban lens daban batir daban, ba lallai su faɗa mataki ɗaya ba. Abun da mutane ba su lura da shi shi ne ba a kan kuɗin kyamarar kaɗai ake yanka dutin, wato harajin kwastam, ba, sai an haɗa da kuɗin jirgi da inshora tukunna. Mu ɗauka ka sayi kaya na dala 1,000, jirgi da inshora 100, kuma a ce ya faɗa matakin 20. Duti 220 ke nan. Sai a ɗora kashi 7 na dutin, sai rabin kashi na ECOWAS, sannan VAT ta zo ta hau kan jimillar duka, kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, wato harajin ma ana biya masa haraji. Ka tashi wajen dala 1,440, ejan mai fito da kaya daga kwastam bai ci nasa ba, mai shago bai sa riba ba, ba a yi webil daga Legas ba. A 2025 ma sun ƙara fito da wani kashi 4 a kan kuɗin kaya, 'yan kasuwa suka yi caa aka dakatar a Fabrairu, daga baya aka ci gaba da ja-in-ja a kai.

Amma inda wuƙar ta fi shiga shi ne canji. Kwastam da naira suke karɓa amma da dala suke lissafi, kuma farkon Yunin 2023 dalarsu wajen naira 422 take, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wancan harajin na dala 340 da ke sama (1,440 a cire 1,100), da wajen dubu 143 ne, sai ga shi ya doshi dubu 480, kaya ɗaya, ba a canza ko kashi ɗaya a jadawalin ba. Ni har yau ban gane wa ake karewa da wannan harajin ba tunda ba mu da masana'antar kyamara a Kakuri ko a Bompai, amma wannan zance ne na wata rana.

Toh hanyoyin. Sabuwa daga dila mai lasisi a Legas ko Abuja, da rasit da waranti, in kana da kuɗin bismillah, babu abun cewa, kai ne ka biya duti da VAT da hayar shagonsa har da man janareto.

Oda daga Amurka da kanka kuwa a da tana da daɗi, ka shiga B&H ko KEH ko eBay, shafukan sayar da kaya a intanet, ka ga farashi ka ji kamar kyauta. Yanzu abun ya canza domin harajin da Trump ya ƙaƙaba a 2025 ya sa Canon da Nikon da Sony duk sun ƙara kuɗi a can, kayansu daga Japan da Tailan ake kai su, kuma idan sabuwa ta tashi tsohuwa ma binta take. Ka ga harajin Amurka yana cikin farashin tun kafin kayan su taso, su iso nan na Najeriya ya hau kai, sau biyu ke nan. Ga masu kago da ke auna kilo, wasu in sun ji akwai batir a ciki su ƙara caji ko su ƙi ɗauka sam, ga jira, ga waranti na Amurka da ba zai yi maka aikin komai a Kaduna ba. Inda oda ke da amfani shi ne ƙananan kaya. Tun Satumban 2025 kwastam sun ce kayan da bai wuce dala 300 ba babu duti, sau huɗu a shekara, toh adafta ko makirfo ko ƙaramin 50mm f/1.8 za su iya shigewa nan. Jikin kyamara mai kyau ba zai shiga ba.

Sai aiken ɗan uwa mai tafiya. Dubai ta fi, VAT ɗinsu kashi 5 ne kuma baƙo yana iya karɓar mafi yawansa a filin jirgi. Saudiyya kashi 15 ne tun 2020, kar ka wahalar da Hajiya tana ibada kana aika mata hoton lens a WhatsApp. Ingila kashi 20, kuma tun 2021 sun daina mayar wa baƙi. Japan akwai araha amma ka kiyayi Sony da aka yi don kasuwar cikin gidansu, menu ɗinta Japananci ne zalla babu wajen canzawa. Kuma in ya shigo da kwali a liƙe ko guda biyu iri ɗaya, za a iya tsayar da shi a Kano ko Abuja a ce kayan sayarwa ne.

Ni dai zaɓina ta hannu ce, kuma ba kowace ta hannu ba, wadda ta riga ta shigo ƙasar nan tuntuni tana hannun mai hoton da aka sani. Dalilin a fili yake, an biya mata duti lokacin dala tana 360 ko 400 da wani abu. Eh na sani mai ita zai ce maka in ya sayar da nawa zai sayi wata, shi ma da farashin yau yake kallo, amma bai da ejan a wuyansa, bai da haya, yawanci so yake ya haɗa kuɗi ya koma mirales, sabon samfurin kyamara marar madubi a ciki, kafin bukukuwan Disamba, akwai wajen ciniki sosai. Kuma yanzu lokaci ne mai kyau saboda manyan masu sutudiyo a Abuja da nan Unguwar Rimi da Barnawa suna ta sauke tsofaffin DSLR masu madubi suna komawa mirales irin Canon R6 da Sony A7.

In don hoton biki ne, kamu da ɗaurin aure da dina da walimar sauka, Canon 5D Mark III nake nuna wa kowa. Ta fito tun 2012, tsohuwa ce na yarda, amma ful firem ce, wato mai babban sensa, jikinta ƙarfe, launin fatar mutanenmu yana fita a kanta ba sai ka kwana kana gyara ba, kuma tana cin kati biyu, CF da SD, tana rubuta hoto a duka biyun lokaci guda. Wannan na ƙarshen shi ne ya sa na fifita ta a kan 6D duk da 6D ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi, ramin kati ɗaya gare ta. Batirinta LP-E6 ko'ina akwai, in naka ya mutu a tsakiyar fili abokin aiki zai ara maka, lens ɗin EF, irin waɗanda ke hawa kanta, kuwa sun cika ƙasar nan, na Canon da Sigma da Tamron, masu gyara sun san cikinta, kuma ranar da Allah ya hore ka koma mirales ɗin Canon R da adafta kawai za ka ci gaba da lens ɗinka. Kuɗin da ka rage a jiki ka zuba shi a lens da filas na Godox, nan hoton yake. Nikon D750 ma kati biyu ce kuma tana da kyau a duhu, matsalarta kawai samun wanda za ku yi aron kaya. Sony A7 III in bidiyo ne sana'arka toh, amma shirya wa kuɗin lens. M50 kuwa kar ma ka fara, Canon sun rufe wannan layin.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin tsadar nan ta haifar da 'yan damfara fiye da da. Tunda sabuwa ta gagari mutane kowa ya koma tokumbo, kuma duk kyamarar da aka goge da mai aka sa mata sabon roba sai a ce maka daga Landan aka sauke ta jiya. Wata ta yi shekaru tana yawon bukukuwa a ƙasar nan, ta sha rana ta sha ƙurar hunturu.

Fara da shota, wato adadin hotunan da kyamarar ta ɗauka. Kowace kyamara akwai adadin harbin da kamfani ya ƙiyasta mata, 5D Mark III da D750 dubu 150, A7 III dubu 200. Nikon da Sony adadin yana cikin bayanan hoton, ka ɗauki hoto ɗaya ka loda a shafukan da ke dubawa, Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta da waya, don haka ka je da laftof ɗinka, kar ka yarda da hoton sikirin da ya turo maka. Kuma ka haɗa lambar da idonka: in ya ce dubu 12 ta yi amma wajen riƙewa ya yi sulɓi, rubutun maɓallai ya goge, fentin wajen ɗaura filas ya kankare, akwai magana. Duba siriyal na ƙasan kyamarar ka gwada da wanda ke cikin bayanan hoton, in sun saɓa an canza bod ɗin lantarki na ciki ko an liƙa takarda.

Sensa kuma, ka tsuke ƙofar lens zuwa f/22 ka ɗauki farin bango ko sama ka zuƙo hoton. Ɗige-ɗigen ƙura ba komai ba ne ana wankewa, amma layi dogo karce ne, wani ya goge da tsumma, ajiye masa abunsa. Lens ka cire murfi biyun ka haska tocilan waya ta baya, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki naman gwari ne na damina, kuma yana yaɗuwa. Juya zoben zum a hankali ka ji ko yana ƙarar yashi. Ka gwada fokos a kusa da nesa, a rana da cikin ɗaki, ba harbi biyu a bakin shago ba mai kaya yana ce maka ranka ya daɗe ai ka gani da kanka.

Memori. Wallahi nan ne aka taɓa cutata, wani mai shago ya sayar mun da kati a cikin ledarsa a liƙe, 128GB a rubuce, kyamara ma ta nuna 128, na yi aikin kamu tun la'asar har bayan isha'i komai yana nunawa a sikirin, da na sa a kwamfuta hotunan farko ne kawai suka buɗe, sauran duk fayil ne babu komai a ciki. Ƙaramin kati ne aka yi masa dabara yake ƙaryar girma, in ya cika sai ya riƙa zubar da abun da ake ba shi. Uwar amarya ta kira ni ta ce ɗana ina hotunan da muka yi da dangin Zariya, na rasa bakin magana, mai shagon kuma ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Don haka duk katin da ka saya, ko SanDisk aka rubuta ko Lexar, kafin ya je wajen aiki ka sa shi a kwamfuta ka gwada da H2testw, kyauta ce, tana cika katin ta karanta ta gaya maka gaskiyar girmansa. In babu kwamfuta ka cika shi da bidiyo har ya ƙare sannan ka buɗe na ƙarshen. Kuma kati mai rabin kuɗin kasuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Batir ma haka, na jabu ya fi sauƙi a hannu, rubutunsa ya ɗan yi kauri, caji ɗaya ba ya kai rabin biki, wani har kumbura yake ya maƙale a ciki. Canon da Sony sukan nuna gargaɗi a sikirin in ba su gane batir ba. Ba laifi ba ne sayen na wani kamfani in an gaya maka kuma an rage kuɗi, laifin a sayar maka da shi a kuɗin orijina.

Masu tallan intanet da ke cewa kayan gwanjon kwastam ne, an kama a Apapa, turo rabi a sa a mota, kar ka tsaya ma karanta sauran. Haka wanda ya ce kayan na riƙe a filin jirgi ka taimaka da kuɗin kiliyarin. In kayan na Abuja ne hau jirgin ƙasa a Rigasa ka je ka riƙe da hannunka, in nan gari ne ku haɗu a sutudiyon wani da kuka sani ku biyu, da rana. Kuma ka tambayi rasit ko kwali, saboda ana sace kyamarori a wajen biki sosai, jiki babu caja babu murfi babu madauri kuma mai shi bai san inda ake canza ISO, saitin haske, ba, ka san ba tasa ba ce. Ku rubuta takarda da siriyal da shaida ɗaya, a biya ta banki don a samu alama.

Mai son ƙara jirgin ɗaukar hoto na sama kuma, irin DJI ɗin nan, wannan ba duti kaɗai ba ne, shigo da shi sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, tashinsa kuma akwai rajistar NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, kuma a gari mai barikoki kamar Kaduna ba wajen gwaji ba ne. In abokin ciniki ya nace sai hoton sama, ɗauko hayar mai shi na yini ɗaya ka sa a cikin kuɗin aikin.