Ɗanyen mangwaro ko tsamiya a farfesun kifi?

Farfesun tarwaɗa yana son ɗan tsami don kashe ƙarni, kuma yawancinmu tsamiya muka saba jiƙawa. Amma idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, mangwaro ya cika kasuwa, ɗanyensa nake nema.

Tsamiya ba ta da wahala: a jiƙa a ruwan ɗumi, a tace, a zuba. Tana daɗewa a ajiye ba ta lalace ba. Sai dai takan duhunta romo, kuma in hannu ya zarce sai ta danne daddawa da citta.

Ɗanyen mangwaro kuwa sai an yi masa hidima. A wanke ƙaron da ke tsatsowa ta wajen kara, domin yana ƙona leɓe, sannan a fere shi tas. A yanka sirara, a jefa a tukunya minti 10 kafin a sauke. Zai yi laushi, ya ba romon ɗan kauri da wani ƙamshi da tsamiya ba ta da shi. Guda ɗaya ya ishi tukunyar gida. Wanda ya fara nuna kada a saka shi, zaƙinsa yakan kashe yajin.

Ni dai tsamiyata tana ajiye har mangwaro ya ƙare.