Ayar Maraɗi a shagon koton kifi na Ingila

A wani shagon kayan fatsa da ke birnin Notingham, tsakanin kantar ƙugiyoyi da firjin tsutsa, an jera gwangwanaye masu hoton ƙaton kifi. Abin da ke ciki aya ce. Ayar nan dai tamu da ake aunawa a mudu a Maraɗi da Dawanau, wadda ake kunu da dakuwa da ita. An jiƙa ta, an dafa, an rufe da ruwanta, a lokacin da na je ana sayar da gwangwanin da bai cika kilo ba fam biyar zuwa shida. Kuma kifi ake dafa wa. Da na ɗauki ƙwaya ɗaya daga buhun busasshiya na jefa a baki, kallon da mai shagon ya yi mini sai ka ce abincin kare na ci.

Kifin da ake yi wa wannan hidima suna kiransa kaf. Kifin tabki ne mai manyan ɓawo, babbansa yana wuce kilo 15, kuma yana da haƙoran niƙa can cikin maƙogwaro. A nan sirrin aya yake. Ƙananan kifaye ba sa iya fasa ta, don haka sai ta kwana a ƙugiya ba abin da ya taɓa ta, har babban ya zo. Burodi ko tsutsa kuwa kafin a ƙirga ɗari 'yan ƙananan sun yagalgala su.

Ba a zuba aya ɗanya a ruwa, wannan doka ce a wurin masu fatsa na nan. Ana jiƙa ta aƙalla awa 24, wasu har 48, sannan a tafasa ta minti 30, a bar ta cikin ruwan da aka dafa ta kwana biyu ko uku. Ruwan zai yi kauri, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya ɗauki ƙanshin tsami-tsami, to lokacin ta kai. Idan aka yi gaggawa aka zuba busasshiya, a cikin kifin za ta kumbura, tana iya yi masa lahani. Ko dafaffiyar ma ba ya narkar da ita sosai, yakan kasayar da ɓarɓashinta ya dawo ya sake ci. Shi ya sa tafin hannu ɗaya ko biyu ya ishi wuri guda, kuma shi ya sa tabkuna da yawa suka hana amfani da ita gaba ɗaya, saboda masu zuba ta bokiti-bokiti. Sai mutum ya karanta allon dokokin tabki kafin ya buɗe gwangwani, in ba haka ba a kore shi da kuɗin shigarsa a hannun masu tabkin.

Ba a ma soke ta da ƙugiya, ta yi tauri. Ana huda ta da siririyar allura a zura ta a wani ɗan zare da ke reto a bayan ƙugiyar, a tokare da ɗan tsinken roba. Kifin zai zuƙe ayar, ƙugiya ta bi ta tsirara, da ya yi yunƙurin tofarwa sai ta kama leɓen ƙasa. Ƙugiya mai lamba 6 zuwa 10 ake sawa. Masu wayo kan ƙwaƙule cikin ayar su cusa ɗan toton kwalba, don ta yi sauƙi ta riga sauran tashi idan kifi ya zuƙa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne buhunan busasshiyar. An tace ta ta girma: ƙanana daban, matsakaita daban, manya daban, baƙar aya daban, kowace da farashinta, babu tsakuwa babu ƙasa. Kaso mai yawa na ayar da ke shiga Turai daga Nijar, Mali da Burkina Faso take fitowa, akasari ta hanyar Sifaniya. Wato manominmu ya sha rana, ya tona, ya sayar a cakuɗe da yashi don mudu ya yi nauyi, wani kuma ya sa rariya da tukunya da takarda mai launi ya kwashe ribar. Rariya fa! Wace mata ce a Tibiri ba ta da rariya?

Tsutsa ita ce koton yau da kullum, kuma a nan na sara musu. Gonaki ne ke kiwonta daga ƙwan ƙuda, a kawo shago cikin firji, a auna da gwangwanin awo mai cin mililita 568, kusan fam huɗu. Akwai fara, akwai ja, akwai mai ruwan tagulla, akwai 'yar ƙarama ta lokacin sanyi. Sabuwa ana gane ta da laushi da baƙin ɗigo a cikinta, ragowar abincinta ne. Idan ɗigon ya ɓace fatar ta yi tauri, ta kwana biyu. A gida ana tankaɗe ta a fid da matattu, a zuba mata garin masara, a sa a firji cikin roba mai hujoji a murfi. Zafi ne ajalinta: ta yi gumi, ta ɗau zarni, ta hau bangon robar ta fice. Ana soka ta a gefen da ya fi kauri, fatar kawai ake ɗan tsinka da ƙugiya mai lamba 16 zuwa 20. In ta fashe ruwanta ya fito, a sauya wata. Har wadda ta taurare za ta koma ƙuda suna sayarwa, mai ruwan ƙasa-ƙasa, sai dai a gwada a ruwa tukuna, wadda ta taso sama a zubar, domin za ta bi igiyar ruwa ta janye kifin daga gabanka.

Da hunturu kifi ba ya ci sosai, sai a rage koto a ƙanƙanta shi, a kuma guji dunƙulen abinci mai maiƙo, don man yakan daskare a ruwan sanyi ƙanshinsa ya ƙi fita. Duk wannan mai shago zai gaya maka kyauta, bayan ya tambaye ka wane ruwa za ka da kuma wane kifi kake nema.

Mu kuwa koto sai an isa bakin ruwa ake tuna shi. A tono tana a cusa a gwangwanin tumatir, a ajiye a rana, kafin azahar ta zama kunu, a ce yau ruwa ba sa'a. Alhali tukunyar ƙasa a inuwa, da ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, za ta riƙe tana kwanaki, muddin ana tsince matattu kullum, don guda ɗaya tana lalata saura. Ba ilimi muka rasa ba. Basarke a Yawuri ya san tarwaɗa na bin wari, hanjin kaza ko gutsuren sabulu, ya san karfasa na son tana da ƙullin dusa, ya san giwan ruwa sai ɗan kifi mai rai. Wannan sani ya fi na mai shagon nan zurfi, amma ba wanda ya auna shi ya sa masa farashi. Ga tsutsa tana tsiyaya a kashin gonakin kaji, ga gina da farkon damina. Wasu ma sun bar koto sun koma zuba gubar ƙwari ta gamalin a tabki, su kashe uwa da 'ya'ya a yini ɗaya.

Kada dai a ɗauka nan aljannar masunta ce. Daga shekara 13 sai da lasisin sandar fatsa, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an rufe koguna ga irin wannan fatsa, lokacin da kifi ke ƙwai. Ba a ɗauko ɗan kifi mai rai daga wani ruwa a yi koto da shi a wani, saboda cuta. Tun 1987 aka hana yawancin ƙananan dalmar da ake nauyaya zare da ita, don tsuntsayen ruwa na haɗiya suna mutuwa. Waɗannan duk da hujjarsu, ban musa ba.

Wanda har yau ya ƙi zauna mini shi ne na ƙarshe. Mutum ya biya lasisi, ya biya kuɗin tabki, ya dafa aya kwana uku, ya kwana cikin tanti a sanyin da ke ratsa ƙashi, Allah ya ba shi kifi mai kilo 12. Sai ya kwantar da shi a jiƙaƙƙiyar katifa, ya shafa masa magani a inda ƙugiya ta huda, ya auna, ya ɗau hoto, ya mayar da shi ruwa. A hanyar gida ya tsaya ya sayi soyayyen kifin teku da dankali, ba yaji, ba albasa.